Sai Tankin Ya Kwanta

Tankin ruwa na roba, baƙi, a kwance. Katako biyu. Igiya. Tsohon bargon Mama. Jarkar ruwa saboda lagireto. Kwalbar man burki. Sandar Baba. Sai Baba kansa a gefena, cikin rigar da yake sawa ranar Lahadi.

Abin da muka ɗauko daga Daurawa, a nan cikin Kano, ke nan. Muna kan titin Maiduguri cikin cunkoson safe, tsohuwar akori-kurar Baba tana hayaƙi, masu adaidaita suna kauce mana. Motar ta girme ni. Ƙofar direba ba ta rufuwa sai an ɗaga ta an ja da ƙarfi.

Baba ya waiwaya ya dubi tankin ta gilashin baya.

"Hannatu, wa ya taɓa zuwa sayen mota da tanki?"

"Kai da siminti ka je."

"Wancan zamani daban."

Na yi karatun injiniyan ruwa a Indiya. Da na dawo ban nemi ofis ba. Ina ɗora tanki a gidaje, ina jan bututu, ina haɗa famfo mai aiki da hasken rana, a Unguwar Gano da Ƙauyen Alu da duk inda aka kira ni. Motar Baba ce ke kai mini kaya, kuma ta gaji. Makaniki ya ce injin ba zai ga wata daminar ba. Abin da na tara na mota ɗaya ne. In na sayi wadda ba ta ɗaukar tanki, zan koma hayar motar wasu, tawa tana ƙofar gida tana ƙyalli.

Yayana Gideon yana aiki a Abuja. Ya ƙara mini wani abu a kan abin da na tara, tun daga ranar ya zama mai ra'ayi. Shi ya samo motar a waya. Ya turo mini bidiyon kujeru, bidiyon fitilu, bidiyon allon da ke nuna baya in za a yi ribas. Na tambayi tsawon bodi. Aka turo mini wani bidiyon, na madubin da ke naɗe kansa.

Labarin yadda Baba ya sayi tasa kuwa, babu wanda ya girma a gidanmu bai haddace shi ba. Yana koyarwa a lokacin, yana kuma ginin gida a Zonkwa. Ya je wurin Alhaji Baballe a Gyadi-Gyadi, ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa, ya sa kunne a kan injin. Bai taya ba. Ya ce a ɗora mata siminti tukuna. Aka ɗora, shi da Baballe suka kama hanya har Zonkwa, suka kwana, suka dawo, sannan aka yi ciniki. Baba yakan rufe labarin da magana ɗaya: akori-kura kamar jaki take, ba a sayen jaki sai an ga tafiyarsa da kaya.

Muka wuce gadar Dangi muka shiga Gyadi-Gyadi. Filin Baballe yana nan inda yake, amma benci da rumfar kwano sun tafi. Yanzu gilashi ne daga sama har ƙasa, da tayil, da suna a rubuce da Turanci. Darbejiyar kaɗai aka bari a bakin ƙofa. A ƙarƙashinta Alhaji Baballe yake zaune kan kujerar roba, da rediyo a cinya.

Ya ji ƙarar injinmu kafin ya gan mu.

"Yakubu, har yanzu ba ka binne wannan gawar ba?"

"Wanda ya sayar mini da ita nake jira, in haɗa su rami ɗaya."

Suka tafa, suka riƙe hannun juna kamar ba za su saki ba. Na durƙusa na gaishe shi.

"'Yar Indiya. An dawo da hankalin, ko an baro shi can?"

"Na dawo da shi, Baba Alhaji."

"Za mu gani. Wannan tankin fa? Sadaka kika kawo mana?"

Kafin in amsa ɗansa Mu'awiya ya fito. Shi ke riƙe da wurin yanzu. Waya biyu a hannu ɗaya, shadda mai sheƙi, turarensa ya riga shi isowa. Tare muka yi firamare, yana gabana da aji biyu.

"Injiniya da kanta. Shigo ki ga amaryarki."

Motar tana tsakiyar ɗakin, fara, sabuwa fil, kujerun ba a cire musu leda ba. Ƙofa huɗu. Doguwa ce, sai an taka ƙarfe kafin a hau. Mu'awiya ya danna wani abu a aljihunsa, injin ya tashi da kansa, ba ka jin komai sai ɗan numfashi. Ya buɗe wa Baba ƙofar baya, ya taimaka masa ya hau. Baba ya jingina. Sanyin esi ya same shi. Ya lumshe ido.

Ni na zagaya baya. Kujerun bayan nan sun cinye rabin bodin. Abin da ya rage gajere ne, kamar an yanke wa motar wutsiya.

"Yaya Mu'awiya, a fito da ita tsakar fili. Zan ɗora tankina."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina.

"Ba a yin haka yanzu. Mutane daga Legas suke saye ba su gan ta ba. Su ga bidiyo, su turo, direba ya kai musu."

"Me suke ɗorawa a baya?"

"'Yan rakiya, in sun tashi. Yawanci ba komai."

"To ni tanki nake ɗorawa."

"Injiniya, wannan ba motar kasuwa ba ce. In kika shiga unguwa da ita, kafin ki buɗe baki an ba ki aikin."

"In an ba ni aikin, a ka zan ɗauki tankin?"

Ya danna waya. Ban san Gideon yake kira ba sai da fuskarsa ta fito, yana ofis, da igiyar katin aiki a wuya.

"Hannatu, me nake ji? Na riga na ba mutumin nan magana. Na ce ya ajiye mana, ya hana wasu."

"Ka tambaye ni kafin ka ba shi?"

"Na turo miki bidiyo."

"Na tambaye ka tsawon bodi."

"Haba, please. Gidan Alhaji ne fa. Shekara nawa muna tare da su? Kada ki kunyata Baba a gaban abokinsa."

Na juya wajen Baba. Na zo da shi ne don wannan lokacin. Na ɗauka zai sauko da sandarsa ya ƙwanƙwasa bodin ya faɗi maganar jaki. Bai sauko ba. Ya sauke gilashi da ɗan yatsa, ya sake ɗaga shi, ya sake saukewa.

"Hannatu, gwiwata ta daina ciwo a nan ciki."

"Esi ne, Baba."

"Ko mene ne. Ki karɓa. Kirsimeti na zuwa. Mamanki ba ta taɓa zuwa Zonkwa ba tare da ta riƙe ƙofa da hannu ba. Sau ɗaya dai mu shiga garin kamar mutane."

"Kai ka ce ba a sayen jaki sai an ga tafiyarsa da kaya."

"Lokacin ina da baya. Yanzu ni ne kayan."

Gaskiya ya faɗa. Amma Zonkwa sau ɗaya ake zuwa a shekara, tanki kuwa kullum ne.

Na fita wajen darbejiya. Alhaji Baballe ya rage muryar rediyo. Ya ji komai, ƙofar a buɗe take.

"Baba Alhaji, a gidan nan ana hana mai saye gwada kaya?"

"Ni yanzu ɗan kallo ne, 'yata. Ko farashin ba a faɗa mini, wai zan sume." Ya ɗaga murya kaɗan yadda za a ji a ciki. "Amma uban wannan ya kai simintinsa har Zonkwa a motata, da man fetur ɗina, ya ce gwaji yake. Har tuwon ma ni na sayi kajin miyar."

Daga cikin mota Baba ya ce, "Kaza ɗaya ce, kuma ramammiya."

"Ka ji shi. Mu'awiya, fito mata da motar. Tsakar fili kawai ta ce, ba Zonkwa ba."

Mu'awiya ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi mahaifinsa, ya dube ni.

"Da sharaɗi. In fentin ya karce, ko yaya, ta saya."

"Na yarda."

Gideon yana magana a wayar, ba wanda ya saurare shi. Mu'awiya ya jingina wayar a jikin tukunyar fulawa, fuskar tana kallon fili.

Aka fito da ita, Baba yana ciki. Na juya tamu, na matso da baya a hankali har bodi ya fuskanci bodi. Na sauke ƙofofin baya biyun. Sabuwar ta fi tamu tsayi, sai na jera katakon suka zama gangara. Na shimfiɗa bargon Mama, na lulluɓe kowane gefe da tankin zai iya taɓawa. Alhaji Baballe ya taso, ya danne gindin katako ɗaya da ƙafa.

Tankin ba shi da nauyi sosai in babu ruwa, girma ne da shi. Na sa kafaɗa na tura. Ya hau katako, ya zame, na tare shi da gwiwa. Na sake turawa. Ya shiga, ya tafi, ya daki bangon gaba ta kan bargo ya tsaya.

Kusan kashi ɗaya cikin uku yana waje, a kan ƙofar baya. Na kama ƙofar na gwada ɗagawa, don kowa ya gani. Ko motsi ba ta yi ba.

Mu'awiya ya ce, "A tsaye ake sa shi."

"Zo mu tsayar."

Ya cire agogo ya sa a aljihu, ya naɗe hannun shadda. Wannan ban zata ba. Muka kama tare muka tayar da shi. Gindin tankin ya hau kan kumburin tayoyin da ke cikin bodin, bai taɓa ƙasa ba. Na sa yatsa ɗaya na tura, ya yi lilo. Na saki, ya dawo.

Daga tukunyar fulawa Gideon ya ce, "To a bar ƙofar a buɗe mana, a ɗaure da igiya. Kowa haka yake yi."

"Tsani fa? Bututu fa? Allunan hasken rana a ina, a cinyar Mama?"

"Sai ki yi sawu biyu."

"Sabuwar mota, tun ranar farko da igiya da sawu biyu. Wadda nake da ita ma ba ta kai nan ba."

Muka kwantar da tankin, muka gangaro da shi gidansa. Ya kwanta a bodin tsohuwar. Na ɗaga ƙofar baya na sa sakata, ta rufu, har da sauran wurin jarka. Na yaye bargon daga sabuwar. Mu'awiya ya kunna fitilar waya duk da rana, ya bi bodin lungu-lungu, ya shafa da tafin hannu. Ya daɗe. Sannan ya miƙe ya mayar da agogonsa.

"Babu komai."

"To na gode."

"Mai ƙofa biyu kike nema, mai dogon baya. Ba ma kawo su. Ba wanda ke tambaya."

"Ga shi na tambaya."

Ya kashe injin daga aljihu. Sanyin ya ɗauke. Baba ya ɗan ƙara zama a ciki kafin ya nemi sandarsa. Na je na miƙa masa hannu, bai karɓa ba, Alhaji Baballe ne ya sauko da shi. Ya tsaya yana kallon motar, ya gyara ledar kujerar da zamansa ya yamutsa.

"Ni dai ina son ta," ya ce.

"Na sani, Baba."

"Ki tafi. Zan zauna wajen Alhaji, in hau adaidaita da yamma."

Alhaji Baballe ya jawo masa kujera. "Zauna. Yau kai za ka sayi kazar."

Na naɗe bargon, na ɗora katakon, na zuba wa lagireto ruwa. Mu'awiya ya biyo ni da wayar, Gideon yana cewa in ban karɓi wannan ba, zai janye hannunsa, in ga yadda zan yi. Na ce ya janye. Na hau, na murɗa makulli, ta yi tari sau biyu ta tashi.

Mu'awiya ya dafa ƙofar. "In na samo mai ƙofa biyun, in turo miki bidiyo?"

"Kira ni kawai. Zan zo da tankin."

Ya ɗauke hannunsa. Na ɗaga ƙofar na ja ta da ƙarfi, ta rufu. Na leƙo ta taga yadda shi da wayar da masu zaman darbejiya za su ji.

"Ko a Kano ko a wani gari, duk wadda tankin nan bai kwanta a cikinta an rufe ƙofa ba, ba zan saya ba."