Bango Ne Ya Kai Gaisuwa

A shekarar 1991, Iya Hajara ta Kusfa ta cika shekara talatin da ɗaya ba ta ji yaren ƙauyensu a bakin kowa ba sai nata. Ƙauyen ya watse tun tuni, dangi suka shige cikin Hausawa. Ita kuwa ba ta da wani buri da ya wuce ta yi gaisuwa da yarenta a amsa mata kafin ƙasa ta rufe idonta.

Sai Allah ya haɗa ta da Dokta Walter, ɗan Wusasa, malamin jami'a, wanda ya lashi takobin ceto yaren. Ceton kuwa shi ne ya ɗura ƙa'idojinsa cikin kwamfuta, har ta iya ƙera jimla da kanta. Wata tara yana sintiri gidan da rikoda, yana tambayarta yadda ake cewa kare ya ciji manomi, da yadda ake cewa manomi ya ciji kare. Sunan ubanta kuwa bai taɓa tambaya ba, don takardarsa ba ta da gurbin wannan.

Ran nan ya shigo yana washe baki.

"Iya, albishirinki! Na samo miki ɗan'uwa, yana faskare a Ƙofar Galadima. Hira kawai za ku yi in ɗauka, ita ce ta rage wa injina."

Daren jiya ma da ta sani da ta yi kitso. Amma da tsohon ya sunkuyo ta ƙofar zaure, sai ta gane shi. Bahago ne, yayan mijinta na fari. A al'adarsu mace ba ta haɗa ido da yayan miji, ba ta yi masa magana kai tsaye har abada. In ta kama dole, sai su juya wa juna baya, kowa ya gaya wa wani abu na tsakar gida, ɗayan ya tsinta.

Don haka ta juya, ta fuskanci randar ruwa, ta soma gaishe ta. Dokta ya kashe rikoda.

"Haba Iya, tukunya kike wa magana? Ga mutum nan!"

"Ɗan nan, ka bar ni da randata."

"Kimiyya ba ta san randa ba. Baba, matso. Ku kalli juna."

Ya jera su gwiwa da gwiwa, ya dasa makirfo a tsakani, ya sa aka fitar da randar don kada ta ƙara raba hankali. Hajara ta kafa wa tabarma ido, Bahago ya kafa wa yatsun ƙafarsa. Kaset ya cinye fuska ɗaya, aka juya shi, ya cinye ta biyu. Abin da ya shiga ciki tarin Bahago ne sau uku da kukan zakaran maƙwabta.

Dokta ya rubuta a littafinsa, da kyakkyawan Turanci, cewa masu yaren biyu da suka rage ba sa iya hira da shi, saboda haka ya mutu. Ya naɗe wayoyinsa, ya fita zaure yana yi wa Mamman, ɗan Hajara, bayanin illar jahilci.

Hajara ta ja jiki ta juya baya, ta dubi bangon ɗakin girki.

"Bango," ta ce da yarensu, "ka tambayi baƙo ya gajiyar hanya."

Bahago ya juya nasa bayan, ya dubi turken akuya.

"Turke, ka ce mata gajiya ta bi lafiya. Ka ce mata kuma ta tsufa."

"Bango, ka ce masa shi ma ba yaro ba ne."

Suka bi matattu ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya mutu a Kaduna da wadda ta ɓace a Jos, har aka kira la'asar. Dokta na zaure bai kai rabin bayaninsa ba.