Katunan Laraba

Sikari Solène take nema a kabad ɗin mahaifiyarta, sai gwangwanin biskit ya suɓuce mata, katuna suka watsu har ƙarƙashin tebur. Duk hoto ɗaya ne: tsohon zanen nan na farin dutsen bakin teku da kwale-kwale biyu, wanda aka yi ruwansa da ɗige-ɗigen fenti. Irin katin da baƙi ke saya a nan garin Yport su aika gida. Amma waɗannan ba su je ko'ina ba. A Yport aka buga musu hatimi, a Yport aka kawo su.

Ta juya ɗaya. "Huguette tawa, na hango ki a taga jiya, shuɗin gyalenki ya fi tekun kyau. Naki, R."

Tirƙashi! Tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya, miji ya rasu da daɗewa, ita kaɗai a gida mai kallon teku wanda dillalai ke haɗiyar yawu a kansa. Solène a banki take aiki a Rouen, ta sha ganin irin wannan. Da daɗin baki ake farawa, a ƙare da sa hannu a takarda, gida ya tafi.

"Mama, wane ne R?"

Madam Huguette tana feraye dankali, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Wa ya aike ki cikin gwangwanina?"

"Ya taɓa shigowa gidan nan? Ya ce ki sa hannu a wani abu?"

"Ke dai baƙin ciki kike, naki mijin ko jerin cefane ba ya rubuta miki."

Solène ba ta yi dariya ba. Ta ga sunan shagon Duboc a bayan katin, ta zura rigar ruwa ta gangara gari, tana ayyana kamannin mutumin: wani mai gashin baki da turare, wanda ya gama ƙidaya tagogin gidan.

Shagon yana nan yadda ta san shi, da maratayar katuna mai juyawa a bakin ƙofa, rana ta koɗar da na waje. Ta shiga da niyyar tambayar wa ke sayen katin. Sai idonta ya sauka kan 'yan takardun da aka liƙa a jikin kantar shagon, masu sunayen kaya. Rubutun ya karkata hagu, wutsiyoyin haruffan dogaye. Ta ciro katin daga aljihu ta kara. Shi ne, ba ko tantama.

"A'a, Solène 'yar Huguette! Yaushe a gari?" in ji Malam Duboc, tsoho mai sanƙo, yana goge tabarau.

Ta buga katin a kan kantar. "Ba ka ji kunya ba? Da matarka a raye! Gidan kake so, ko wani ne ya sa ka?"

Wata baƙuwa da ke zaɓen kati ta ajiye ta sulale. Malam Duboc ya dubi katin, ya dubi Solène, kunnuwansa suka yi ja.

"Rufe ƙofar nan, 'yata."

"Ba na rufewa. Daga nan wajen 'yan sanda zan wuce."

"To, ki kai musu uwarki, don ita ce R. Ni hannu kawai nake bayarwa. Duk Litinin take bugo waya ta faɗa in rubuta, Talata in jefa a akwati, Laraba ya isa. Matata ce ma ke liƙa kan sarki."

"Ƙarya kake! Don me za ta aika wa kanta kati?"

"Bara ba ke kika mayar mata da komai cikin waya ba? Takardar wuta, ta ruwa, ta fansho?"

"Don in sauƙaƙa mata."

"Kin kuwa sauƙaƙa. Tun daga nan Thibaut mai kawo wasiƙa bai sake hawa tudun gidanta ba. Matakala sittin da huɗu, wa zai hau ba wasiƙa a hannu? Da shi take shan kofi, shi ke buɗe mata murfin kwalba in ya ƙi buɗuwa. Wata biyu ta yi, daga ita sai rediyo."

Solène ta dafa gefen kantar. Har yanzu zuciyarta tana neman inda ƙaryar take. "To, zancen soyayyar fa?"

Tsohon ya murmusa. "Kati ai ba ambulan. Thibaut ba ya iya riƙe idonsa, tun a hanya yake karantawa. Ya isa yana haki yana cewa, 'Madam, saurayin nan fa ya matsa!' Ita kuma ta yi ta ja masa rai. Da takardar wuta minti biyar yake yi. Yanzu sai ya share rabin awa."

"Kowane mako?"

"Ban da makon da kika zo. Ta ce in ta gan ki, Larabar da ta biyo baya babu buƙata." Ya sa tabarau ya cire. "Bana sau biyu na huta, ga shi muna Nuwamba."

Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Yau Asabar, gobe da yamma za ta kama hanyar Rouen, kuma ta riga ta faɗa wa mahaifiyarta ba za ta dawo ba sai Kirsimeti.

"Na Laraba mai zuwa ma ta ce ka bari?"

"Ta ce."

"Kar ka bari. Kuma kar ka gaya mata na zo nan."

Malam Duboc ya zaro sabon kati, ya kifa shi a kan kantar, ya cire murfin biro. "Ita ke faɗa, ni in rubuta. Tun da ke ce yau, faɗi. Me take son ji?"

Solène ta buɗe baki. Tsohon yana riƙe da biro yana jira, ita kuwa ta laluba, ta sake lalubawa, ba ta sani ba.