Sunan Suruki a Bakin Baturiya

Firdausi tana tsakiyar yanka albasa kwamfutar ta fara ƙara a falo. Ba sai ta duba agogo ba. Ƙarfe biyar na yamma, lokacin tsohuwar nan ne, kuma yau maigidan ba ya nan. Nasir ya tafi Bukit Jalil allurar rigakafin korona tun azahar, ya ce layin ya kai titi.

Ta ajiye wuƙar ta tsaya tana sauraro, ranta yana tafasa.

Wata huɗu ke nan ana wannan abu. Wata Baturiya ce mai suna Nuala Hassan, 'yar shekara saba'in da wani abu, tana zaune ita kaɗai a wani ƙauye kusa da Derry, can tsibirin Ireland. Annobar ta kashe mijinta, sai ta duƙufa binciken asalin sunan gidansu, tana aika wasiƙa ga duk wani Hassan da ta gani a intanet. Haka ta faɗo kan Nasir Hassan, ɗalibin digirin digirgir a Kuala Lumpur. Da wani ne da ya share. Shi kuwa bawan Allah ya amsa, kuma tun daga ranar kullum sai an yi hira.

Kada wani ya ce aure take tsoro. Haba! Matar ta yi jika da shi. Abin da ke cin Firdausi daban ne. Mahaifin Nasir ya rasu a Kano bara cikin azumi, lokacin da aka rufe filayen jiragen sama, ko gawarsa ɗan bai gani ba. Tun daga nan mijinta ya rufe baki. A wannan ɗan gida mai ɗaki biyu na Taman Melati, dokar kulle ta haɗa su safe da yamma, amma in ta kawo zancen Baba sai ya ce, "Allah ya ji ƙansa," ya tashi. Ita da ta yi shekara biyu tana kai wa tsohon kunun safe! Amma da ƙarfe biyar ta yi, sai ta ji shi ta bango yana ba baƙuwa labarin yadda Baba yake gyaran rediyo a bakin Kantin Kwari, har da ƙyaƙyata dariya. Kuma matar ba ta da aiki sai jefa sunan, Hassan kaza, Hassan kaza, sunan da Firdausi ta yi shekara bakwai da aure ba ta taɓa bari ya fito daga bakinta ba, don na surukinta ne. Wallahi kishi take ji, kishi tsagwaronsa.

Ta goge hannu, ta ja mayafi, ta danna.

Fuska ta bayyana, farin gashi, ƙaton tabarau, bayanta bango cike da takardu da hotuna.

"A'a, ke ce Firdausi!" in ji Nuala da Turancinta mai tauna harshe. "Na daɗe ina so in gan ki. Ina ɗan'uwana?"

Ɗan'uwa! Nan ne Firdausi ta ji abin ya zo mata wuya.

"Ya fita. Mama, ina so in gaya miki wata magana, kada ki ji haushi. Mijina ba danginku ba ne. Mu ba mu da sunan gida irin naku. Sunan da kike gani bayan nasa, sunan mahaifinsa ne kawai. A wurinmu in aka haifi tagwaye maza, na farko shi ake sa wa wannan suna. Shi ke nan. Babu kakanmu da ya taɓa zuwa ƙasarku."

Ta faɗa ta huta, tana jiran ta ga fuskar ta ɓaci.

Tsohuwa sai ta yi dariya har da tari. "Ai na sani, 'yata. Tun a hirarmu ta farko ya gaya mini. Namu ma ba Hassan ba ne tun asali." Ta ɗago wata takarda ta kara a gaban kyamara, an rubuta Ó hOsáin. "Da harshenmu na dā ke nan. Ma'anarsa jikan ɗan barewa. Da Turawan Ingilishi suka karɓe ƙasar, malaman rajistarsu ba su iya rubuta shi ba, kowa ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Wasu suka zama Hasson, wasu Hassan. Kakan mijina da ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, suna biyu suka tashi da shi. Da yunwa ta kore su, ɗaya ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka, shi ne har yau nake neman zuriyarsa."

Firdausi ta zo da shirin faɗa, an tare ta da darasi.

"To in kin sani, me kike nema wurinsa kullum?"

"Ni? A makon farko na so in sallame shi. Shi ya roƙa in ci gaba da kira." Nuala ta cire tabarau tana gogewa. "Ya ce a gidansu ba mai faɗin sunan. Mahaifiyarsa ba ta faɗa, shi ba ya faɗa, ke ba kya faɗa. Da mutumin yana raye, abokansa suna kira daga ƙofar gida, ana ji. Yanzu shiru. Ni kuma ba ni da wannan kunya taku, ina faɗinsa sau ashirin kafin shayina ya huce. Nawa mijin nake kira, shi yana jin nasa uban. Ashe bai gaya miki ba?"

Bai gaya mata ba. Wannan ya fi komai zafi. Ta yi sallama a daddafe ta rufe kwamfutar, ta zauna a wurin har albasar ta bushe a faranti. Wato abin da take taƙama da shi, ladabin da aka yi ta yabonta a kai a gidan surukai, shi ya kora mijinta wurin baƙuwa. To in suna ne, ita ma tana da baki.

Wajen shida da rabi ta ji makulli. Nasir ya shigo da takunkumi a haɓa, auduga manne a dantse, leda a hannu.

"Na yi mana tapau, na ƙunso abinci a wurin mamak, shagon Indiyawan nan, kada ki wahala da girki. Kai, layin nan! Ta kira kuwa?"

"Ta kira. Na ɗauka."

Ya tsaya cak.

"Abban Mubina, zauna ka ba ni labarin." Da sunan 'yarsu ta kira shi kamar kullum, sannan ta daure. "Labarin Malam Ha..."

"Kul!"

Yadda ya daka tsawar har ledar ta faɗi. Bai taɓa yi mata haka ba.

Hawaye suka zubo mata. "Ita ta faɗa sau dubu kana dariya! Ni ko rabi ban kai ba ka hayayyaƙo mini. Ni ce bare, ita ce 'yar gida?"

"Ita ba ta san shi ba, Firdausi."

"Ni na san shi ai!"

"Shi ya sa." Ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙofa, bai ko cire takalmi ba. "Duk sanda zancensa ya zo na ga kin sunkuyar da kai kin ce Baba, sai in ji kamar yana ɗakinsa, in muka koma za mu tarar da shi. Ke kaɗai kike sa ni jin haka. Ranar da na ji sunan nan a bakinki, to an binne shi ke nan."

Firdausi ta dube shi. Wata goma sha biyar bai yi kuka ba, yau ga shi kafaɗunsa suna girgiza. Ta sauko ta zauna kusa da shi a bakin ƙofa, ta gefen hannun da ba a yi wa allura ba.

"To," ta ce a hankali. "Ba ni labarin Baba."