Ɗigon Mushe Abarci

"Karanta mini," in ji Mushe Abarci, yana tura salula da hannun da ya rage masa mai motsi. "Amsar ta zo."

Na shigo gaishe shi ne bayan la'asar, kamar kullum tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Shekara bakwai da barinsa koyarwa a lakwal, makarantar boko inda ake ce wa malami Mushe, aikinsa ɗaya ne: tsofaffin hotunan sama da masana ke zubawa a intanet don masu sha'awa su taya su dubawa. Sai ya jera hoto biyu na wuri guda a ordinatar, wato kwamfuta, yana neman ɗigon hasken da ke ɗaya, babu a ɗayan. Tauraro ne ya fashe, in ji shi, ba wanda ya lura. Sati biyu kafin ya faɗi ya samo ɗigonsa, ya aika.

Ɗansa Zakiru ya karɓi salular. Ina tsaye bayansa ina ganin saƙon, kuma ina jin Faransanci. Masanan sun tabbatar tauraro ne. Cikakken sunansa suke tambaya don su rubuta.

"Baba, sun ce datti ne jikin hoton," in ji Zakiru. "Kashin ƙuda."

"Duba dai da kyau, ɗana."

"Na duba. Ran da Inna ke nishi tana kiranka, ashe kashin ƙuda kake kallo."

Tsohon ya juyo da ido gare ni. "Malam Kalla, hakanan ne?"

Ni na ɗora Aisata, matarsa, a amalanke waccan ranar, bayan ya ce a dakata masa ya ƙarasa hoto guda. Ba mu kai likita da ita da rai ba. Har yau ina jin nauyinta a hannuna.

"Hakanan ne, Mushe," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya juya fuska ga bango. Daga ranar ya ƙi fura, ya ƙi magani. Ran Juma'a da hantsi ya cika. Na so in faɗa masa gaskiya ran Alhamis, har na kai ƙofa, na ji muryar Zakiru ciki na koma.

Bayan sadakar uku na shiga ɗauko tabarmata da suka ara. An fitar da kujerarsa tsakar gida. Ƙafafunta sun bar ramuka huɗu a ƙasan ɗakin, Rabi'atu matar Zakiru na durƙushe tana cike su da yashi.