Hoton Muƙamuƙin Kubra

Ina 'yar shekara bakwai a garinmu Sara na yi famfara. Na jefa haƙoran a kan rufin ɗaki, Inna ta ja mini kunne kada in buɗe baki a gaban ƙadangare, wai in ya ga giɓin, sabon haƙori ba zai fito ba. Aka yi shekara, aka yi biyu, shiru. Sai Inna ta ce ai ta gan ni ina ƙyalƙyala dariya a gindin rumbu, inda ƙadangaru ke shan hantsi. Tun daga ranar, in na yi dariya sai na sha ranƙwashi. Na daina.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama, yayana Iliyasu ya kai ni asibitin Birnin Kudu, don zafi yana sumar da ni kuma ba na gumi. Likita ya duba bakina, ya sa aka ɗauki hoton muƙamuƙina. Ya ɗaga hoton a taga ya ce, "Kubra, babu ko ƙwayar haƙori a ƙarƙashin dasashinki. Da wannan lalura aka haife ki, ita ce ta hana ki gumi."

Na kawo wa Inna hoton, na faɗa mata abin da likita ya ce. Ta jujjuya shi, ta miƙo mini.

"To, dama ƙadangaren zai fito a hoto ne?"

Shekara goma sha huɗu na rufe bakina saboda matar nan. Har ta rasu ba ta ce in yafe mata ba.