Gashin Hannun Mainasara

Adda ce ta sare wa Mainasara wuyan hannun dama, ranar da masunta ke sheme itatuwan da ruwan dam ɗin Tiga ya shanye don kwalekwale ya samu hanya. Fata da 'yar tsoka suka riƙe hannun. A wani asibiti a Kano, Likita Balarabe ya haɗa ƙashi, ya ɗinke hanyoyin jini, sannan ya duƙufa kan jijiyar da ke kai ji zuwa yatsu, da zaren da bai kai gashin kai kauri ba.

Ranar sallama ya ce wa Ubale, wan Mainasara, "Jijiyar nan tsiro take yi a hankali. Sai ta yi watanni kafin ta kai yatsu. Kafin nan hannun ba ya jin komai. Kada zafi ya taɓa shi."

"To, likita."

Da suka dawo bayan wasu makonni, hannun na naɗe da tsumma. Tun kafin a kwance Balarabe ya ji warin. Yatsu uku sun yi baƙi, fata ta saɓule.

"Wa ya yi wannan?"

"Gashi ne," in ji Ubale. "Ruwan zafi da ganye. Ko mai jego da shi take miƙewa. Hannu ya kwanta kamar mataccen kifi, taru na rataye, mu zuba ido?"

"Ba ku ga yana dahuwa ba?"

"Ai sai mutum ya ce wash ake sanin gashi ya shiga. Shi kuwa shiru. Matarsa ta ƙara itace, shiru. Muka ce ruwan ne bai yi ba."

"Na gaya maka ba ya ji."

"Shi ya sa muka gasa, don ya ji."

Balarabe ya kama hannun, ya ƙwanƙwasa tsakiyar tafin da ɗan yatsa. Mainasara ya zabura.

"Kamar cinnaka ya cije ni."

Jijiyar ta kama. Ta riga ta wuce ɗinkin, ta iso tafi, tana kan hanyar yatsun da suka mutu.

Ubale ya washe baki. "Ka gani? Gashi ya shiga."

"Fita, Malam Ubale."

Da ya fita, Balarabe ya ce wa nas ta shirya ɗakin tiyata, yatsu uku za a cire.

Mainasara ya dubi biyun da suka rage. "Likita, da waɗannan ana jan taru?"

"A'a," in ji Balarabe.