Farar Ƙafar Judit

A taron zumuntar mata na fara jin maganar, wai Judit farar ƙafa gare ta. Hujjarsu ita ce mijinta ya rasu bara, kuma duk ranar da aka ɗora doyarta a a-kori-kurar Siman daga Gitata, ƙaramar tirelar da yake ja sai ta kama rawa a hanya kamar za ta kifar da su. Sau uku ke nan. Matan da suke haɗa lodi da ita sun yanke cewa ta nemi wata motar. Wata motar kuwa babu, Siman kaɗai ke shiga har bakin gonakinsu.

Judit 'yar ƙanena ce. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da lissafi, na gaji da gardama da mutane, gwiwoyina ma sun gaji. Duk da haka na ce sai na gani da idona.

Ranar lodi na bi Siman zuwa Gitata, na zauna a kan kututture ina kallo. Anjelina ce babbarsu, doyarta aka fara jerawa can gaban tirela. Sai mai bi mata a shekaru, sai ta bayanta. Judit ce ƙarama, tana tsaye gefe hannu a ƙirji har kowa ya gama, sannan aka tula tata a wutsiya, bayan tayoyi. Ita ce kuwa mafi yawan doya, don gonar mijinta ta haɗa da tata.

Ko rabin hanya ba mu yi ba tirela ta fara lilo. Siman ya ƙanƙame sitiyari.

"Malama, kin gani ko? Ni ban ce komai ba fa."

"Na gani. Rage gudu, bakin kuma ka ci gaba da riƙe shi."

Da aka sauke kaya a Keffi na sa ya kai mu Tudun Ƙofa wajen Monday mai walda, tsohon ɗalibina, wanda bai taɓa cin lissafi ba. Na durƙusa da ƙyar na kama ƙugiyar da ke haɗa mota da tirela, na girgiza. Ƙwal, ƙwal. Yatsuna biyu suka shige tsakaninta da ramin da take zaune a ciki.

"Kai, Oga Siman," in ji Monday, "wannan ai ko akuya ka ɗaura sai ta yi maka rawa. Yaushe rabonka da leƙa ƙarƙashin motarka?"

"Haka na saye ta."

"Haka za ta binne ka."

Sabuwar ƙugiya sai Abuja, mu kuwa mako guda gare mu kafin lodi na gaba. Monday ya tono guntun sifirin mota, faffaɗan ƙarfen nan na saman taya, a cikin tarkacensa, ya huda shi gida biyu. Ya gasa rodi ya lanƙwasa shi kamar kofaton doki, ya yanka masa zaren ɗaura noti a bakuna. Na farko ya yi faɗi, domin da ido ya auna. Na tsinko kara na auna, na miƙa masa.

"Malama, har yanzu ba ki yafe mini ba?"

"Auna dai."

Na biyu ya rungume ƙugiyar daidai. Ya zura sifirin daga ƙasa, ya ɗaure da noti biyu har sai da jijiyar wuyansa ta fito. Na sake girgizawa. Shiru.

Wahalar ƙarfe ƙarama ce a kan ta Anjelina. Da mako ya zagayo na ce a sa doyar Judit a gaba, sai ta cire ɗankwali ta sake ɗaurawa.

"Yarinyar da aka haifa a gabana ta riga ni lodi? Yaya, boko bai ce a zubar da girma ba."

Ba ni da ƙarfin dogon zance. Na ce to, a fara da tata kamar kullum, amma a bar fili a gaba, ta ƙarama ta shiga nan daga baya. Ta yi nazari ta ga girmanta na nan, ta yarda. Judit ta hau kusa da ni, tana ta murza bakin zanenta. Muka iso Keffi tirela na bin mu kamar an ja layi.

A taro na gaba na ji ana cewa addu'a ce ta karya abin. Wata ta ce Monday ya san abin da ya sa a cikin ƙarfen. Sun dai yarda Judit ta ci gaba da lodi, wai zuwa a gani. Na ɗauki jakata na dawo gida na jiƙa ƙafafuna a ruwan ɗumi.

Ramin ƙugiyar ne ya cinye da faɗin yatsa biyu, kuma doyar Judit ake lodawa a ƙarshe, bayan tayoyi, nauyinta ya ɗaga gaban tirela.